'Yata ta ce ba za ta zauna jarrabawar AP ba, babanta ya hau sama

Assalamu alaikum Anti. Daga Houston nake rubuto miki, a jihar Texas ta Amurka, inda muke zaune da maigidana da yaranmu huɗu. Babbar 'yarmu tana aji 11 a sakandare, saura mata shekara ɗaya ta gama. Bana ta ɗauki darussan AP guda huɗu, wato darussan matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare: kemistiri, lissafin kalkulas, tarihin Amurka da Turanci, kuma tun watan Nuwamba muka biya kuɗin jarrabawar duka huɗun. Yanzu da ya rage mako shida, sai ta zo ta ce ita ba za ta zauna ta kemistiri da ta kalkulas ba, wai ta san maki 2 cikin 5 za ta ci, kuma mugun maki zai ɓata mata takarda. Hujjarta ɗan maƙwabtanmu ne, wanda bara yana aji 12 bai zauna ko ɗaya ba, ga shi kuma yanzu yana jami'a. A aji tana da A a darussa uku, B a kemistiri. Babanta ya ce wannan daidai yake da ɗalibi ya ƙi rubuta WAEC, har ya ce in ta ƙi zai mayar da ita Zariya wurin kakarta. Yau kwana uku ba ta zauna cin abinci da mu ba. Ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, don haka ita ke girkin dare da duba ƙannenta. Likita take son zama. Don Allah Anti, in ba ta zauna ba za ta rasa gurbi a jami'a? Mu tilasta mata ko mu ƙyale ta?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya sa albarka a wahalar da kike sha dominsu.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Rashin zama jarrabawar AP ɗaya ko biyu ba zai hana 'yarki samun gurbi a jami'a ba. Duk da haka, shawarata ita ce ta zauna duka huɗun, sai dai dalilina ya bambanta da na babanta, kuma hanyar da za a bi da ita ma ta bambanta.

Na fahimci Alhaji sarai. Duk wanda ya yi sakandare a Najeriya ya san cewa shekara shida na karatu a kan 'yan makonnin WAEC ko NECO suke rataye. In babu kiredit biyar da Turanci da lissafi a ciki, babu maganar jami'a, ko da kai ne na ɗaya a aji tun daga farko har ƙarshe. Sannan ga JAMB da makinta 400 tana jira. Uban da ya taso a wannan tsari, ya ji 'yarsa ta ce ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba, dole gabansa ya faɗi. Amma idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A Amurka darasin AP daban ne, jarrabawar AP daban. Darasin, malamin makarantarta ke koyarwa, shi ke ba da A ko B daga aikin gida da gwaje-gwajen shekara, kuma wannan sakamakon ne ke hawa takardar da makaranta ke aika wa jami'o'i, wadda ke ɗauke da duk abin da ɗalibi ya yi daga aji 9. Ita kuwa jarrabawar ta watan Mayu, wata ƙungiya ce mai zaman kanta da ake kira College Board ke shirya ta, tana ba da maki daga 1 zuwa 5, sakamakon ya fito a Yuli. Takardar kammala sakandare ba ta dogara da wannan maki ba. Abin da jami'an ɗaukar ɗalibai ke fara dubawa shi ne ko yarinya ta ɗauki darussa masu wuya da makarantarta ke da su, da kuma abin da ta ci a cikinsu. A wannan ma'auni 'yarki ta riga ta yi abin a yaba mata: darussa huɗu masu nauyi, A uku da B ɗaya, tana kuma riƙe da tukunyar gidanku.

A Texas ma maganar ta fi fitowa fili. Tun 1997 jihar ke da dokar da ta ce ɗalibin da ya gama yana cikin kashi 10 cikin 100 na saman ajinsu yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. Jami'ar Texas da ke Austin ce kawai aka yarje wa ta matse, inda a 'yan shekarun nan ta tsaya a kashi 6, daga baya ta koma 5. Wannan matsayi daga sakamakon aji ake lissafa shi, makin Mayu ba ya shiga. To amma a nan akwai wani tarko da nake so ki lura da shi. Makarantu da yawa kan ƙara wa darasin AP nauyi wajen lissafin matsakaicin maki, ta yadda A ɗinsa ya fi A na darasin gama-gari daraja. Wasu makarantun sun ɗaura wannan ƙarin a kan zama jarrabawar. Wasu kuma sukan yafe wa wanda ya zauna AP jarrabawar ƙarshen zango, wanda bai zauna ba sai ya rubuta ta malamin. Ke nan yarinya za ta iya gudun jarrabawar da ba ta taɓa matsayinta, ta faɗa cikin wadda za ta taɓa shi. Kowace gundumar makarantu da nata ƙa'idar, kuma tana rubuce a littafin dokokin ɗalibai. Kafin kowa ya yanke hukunci a gidanku, sai an ji abin da makarantarta ta ce.

Ɗan maƙwabtanku kuwa, gaskiya ta faɗa, amma lissafin watanni ya raba su. Ɗan aji 12 yana tura takardun nema ne tsakanin kaka da farkon Janairu, jami'o'i su ba da amsa zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, shi kuma ya zaɓi inda zai je zuwa 1 ga Mayu. Jarrabawar AP sai bayan nan take farawa. Wato lokacin da yaron ya ƙi zama, wasiƙar gurbinsa tana hannunsa, abin da ya rasa kawai kiredit na jami'a ne, wato a lissafa masa darasin kamar a can ya yi shi. 'Yarki tana aji 11. Makinta zai fito a Yuli, watanni kaɗan kafin ta cika takardun nema. Jarrabawar bana ita ce ta ƙarshe da za ta iya yi mata magana a gaban masu ɗaukar ɗalibai. Ta baɗi, ko 5 ta ci a komai, za ta zo ne bayan an gama rabo.

Yanzu ga abin da nake so ki zauna ki fahimtar da ita, don a nan tsoronta ya yaudare ta. Tana ganin kamar makin zai tafi jami'o'i da kansa, ko tana so ko ba ta so. Ba haka abin yake ba. A takardar nema ta Common App, wadda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓa, ɗalibi ne da hannunsa ke rubuta makin AP da ya ga dama, kuma a mafi yawan jami'o'i ba dole ba ne ya rubuta ko ɗaya. In ta ci 4 a kalkulas, ta rubuta. In ta ci 2 a kemistiri, ta bar wurin fayau. To ki tambaye ta: wanda bai zauna ba, me zai rubuta a wannan wurin? Shi ma fayau zai bari. Ga mai karanta takarda, yarinyar da ta zauna ta ci 2 ta yi shiru da yarinyar da ba ta zauna ba kamarsu ɗaya. Bambancin shi ne ta farkon ta ba kanta damar cin 3 ko 4, ta biyun kuwa ta rufe ƙofar tun kafin a buɗe. Mafi munin abin da zai same ta in ta zauna, shi ne daidai abin da take shirin zaɓa wa kanta yanzu.

Sai dai a kiyaye abu biyu don wannan lissafi ya tsaya. College Board na ba ɗalibi damar aika sakamakonsa kyauta ga jami'a ɗaya kowace shekara, kuma ana zaɓen jami'ar ne kafin maki ya fito. Bana kada ta rubuta sunan kowace jami'a a wurin, ta bari sai ta ga abin da ta samu. Daga baya, in lokacin aika sakamako na hukuma ya yi, takardar kan tafi da makin duk shekarun da ɗalibi ya zauna, amma akwai hanyar riƙe wani maki kada ya je wata jami'a, akwai kuma hanyar soke shi gaba ɗaya. Na biyu, wasu makarantun sakandare kan buga makin AP a jikin takardar sakamakonsu. Ki tambaya ko tata na yin haka, in kuma suna yi, ko ana iya neman a cire.

Akwai wuraren da wannan sauƙin bai kai ba, kuma ya kamata ta san su. Jami'ar Yale ta sanar a 2024 cewa mai nema zai iya kawo makin AP a madadin jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, amma wanda ya zaɓi haka ana so ya kawo makin duk jarrabawar da ya zauna. Manyan jami'o'i irinta sukan sauya ƙa'ida daga shekara zuwa shekara, don haka duk wadda ta sa a ranta, ta karanta shafinta da idonta. In kuma akwai tunanin karatu a Ingila, to can maganar Alhaji ce ta yi daidai, domin su makin jarrabawa suke kallo kamar yadda muka saba a gida. Oxford, alal misali, tana neman ɗalibin Amurka ya kawo 5 a darussan AP uku ko huɗu. Wanda ke hangen can ba shi da zancen tsallake jarrabawa.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ke da kike kwana a tsaye kin fi kowa sanin zafinsa. A 2025 dala 99 ne kuɗin kowace jarrabawa a cikin Amurka, kuma in an yi rajista ɗalibi bai zauna ba akwai cajin dala 40, wanda makarantu kan ɗora wa iyaye. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce kiredit. Digirin farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne, kowane darasi na ɗauke da 3 ko 4, kuma kowane ɗaya kuɗi ne. A 2015 Texas ta yi dokar da ta hana jami'o'in gwamnatinta neman fiye da 3 kafin su ba da kiredit a darussan farko, sai in jami'ar ta kafa hujjar cewa darasin na buƙatar maki mafi girma. Ke nan 3 ɗin da yara ke rainawa yana iya ɗauke muku kuɗin darasi guda a Jami'ar Houston ko Texas A&M, ko ya sassauta mata zangon farko, lokacin da sabon ɗalibi ya fi shan wuya. Ba ko'ina ake haka ba. Jami'ar Dartmouth ta taɓa daina lissafa AP cikin kiredit na kammala digiri, daga ɗaliban da suka shiga a 2014, kuma wasu manyan jami'o'i masu zaman kansu matakin darasi kawai suke ɗaga wa ɗalibi. Amma yarinyar da ke Houston da ƙanne uku a bayanta, ai bai kamata ta yi wasa da abin da dokar jiharta ta ba ta ba.

Tunda likitanci take so, ta san cewa a Amurka sai an gama digirin farko na shekara huɗu ake neman makarantar likitanci, kuma wasu daga cikinsu ba sa karɓar kiredit na AP a madadin kemistirin jami'a. Mai yiwuwa ne ko ta ci 5 a ba ta shawarar ta sake ɗaukar darasin. Kada ta ɗauki wannan a matsayin hujjar gudu. Kemistiri zai bi ta shekara da shekaru, har cikin jarrabawar MCAT ta shiga makarantar likitanci, kuma bitar mako shida da za ta yi yanzu ita za ta tarar a ajin farko na jami'a. Abin da ya fi damuna shi ne ta koya wa kanta, tana 'yar shekara 16 ko 17, cewa in abu ya ba ta tsoro sai ta kauce masa. Hanyar da ta zaɓa cike take da ɗakunan jarrabawa.

Wa ma ya ce 2 za ta ci? Yara masu ƙoƙari sun saba da cewa ƙasa da kashi 90 faɗuwa ce, sai su gwada tsohuwar takarda su samu rabi, su yanke ƙauna. Ma'aunin AP ba haka yake ba. A kemistiri da kalkulas, wajen rabin makin takarda kan kai ɗalibi ga 3. Ta kemistiri awa uku da kwata ce, tambayoyin zaɓi 60 da na rubutu 7. Ta kalkulas ma a 2025 tsawonta ke nan, zaɓi 45 da rubutu 6. Ba a rage maki don an yi kuskure a tambayoyin zaɓi, don haka ba a barin ko ɗaya babu amsa, a na rubutu kuma ana ba da maki a kan matakan aiki ko da amsar ƙarshe ta kauce. College Board na sa tambayoyin rubutu na shekarun baya a shafinta kyauta, tare da yadda aka raba maki. Ta zauna wata Asabar ta yi cikakkiyar takarda da agogo a gabanta, ta kai wa malaminta ya duba ya gaya mata inda ta tsaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Yarinyar da ke da A a kalkulas tana cewa 2 za ta ci, ni ban ji muryar lissafi a wannan magana ba, muryar gajiya na ji.

Wannan ya kawo ni ga layin da kika rubuta kusa da ƙarshe kamar ba komai ba. Ita ke girkin dare, ita ke duba ƙanne uku. Ban faɗi haka don in ɗora miki laifi ba, wallahi. Haka aka raine mu, babbar 'ya ita ce uwa ta biyu, kuma a ƙasar da babu kaka, babu gwaggo, babu 'yar aiki a kusa, nauyin kan faɗo mata gaba ɗaya. Amma ki lissafa yininta. Ta dawo daga makaranta da aikin gida na darussa huɗu da aka tsara su a matakin shekarar farko ta jami'a, ta ɗora tukunya, ta raba faɗa, ta duba aikin ƙanne, ta wanke kwanuka, sannan ta buɗe littafin kemistiri wajen ƙarfe goma. 'Yan ajinsu da take auna kanta da su, da yawa ba su da ko ɗaya daga cikin wannan. Ba za ta iya cewa ta ajiye girki ba, don ta san ba a faɗin haka a gidan Bahaushe, ba za ta iya cewa ta ajiye ƙannenta ba. Abu ɗaya da take ganin tana da ikon ajiyewa shi ne jarrabawar, shi ya sa ta miƙa hannu gare ta. In kuna so ta zauna, ku ku sauke mata ɗaya kayan. Mako shida ne kacal. Ki yi miya mai yawa ranar hutunki ki raba a firji. Mai bi mata ya karɓi wanke-wanke, ko namiji ne. Alhaji ya ɗauki duba aikin yara bayan Magariba. A ware mata awa biyu kowane dare da ba mai kiran sunanta, ko a bar ta ta tsaya a laburaren unguwa bayan an tashi. Kuma ta riƙa barci, don ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta riƙe karatu.

Maganar mayar da ita Zariya, don Allah ki roƙi Alhaji ya janye ta, cikin ladabi, ku biyu, ba a gaban yara ba. Na san zafin zuciya ne ya sa ya faɗa. Amma yarinyar da ta zo da tsoronta aka amsa mata da barazana, gobe ba za ta sake zuwa ba, za ta koyi ɓoyewa. Bayan haka, bai kyautu gidan kakarta ya zama sunan horo a kunnenta ba, wurin da ya kamata ta riƙa ɗokin zuwa. Ki nuna masa bambancin AP da WAEC kamar yadda na zayyana, ki bar shi ya zama shi ne zai kira ta ya ce ya yi bincike, ya gano ko 2 ta ci babu abin da zai lalace, kuma ba zai yi faɗa a kan makin ba. Jin haka daga bakinsa zai fi duk wata lallaɓa da za ki yi tasiri. Sharaɗin kawai ta shiga ɗakin ta yi iya yinta. In Yuli ya zo da 2, a cika alkawari, kada a goranta mata. Tana ma iya sake zama a Mayun baɗi in ta so.

Akwai halin da zan sauya shawara. In bayan an sauke mata aiki kin ga har yanzu ba ta barci, ba ta cin abinci, tana kuka ba dalili, ko sakamakonta na aji ya fara zamewa, to lafiyarta da sakamakon ajin sun fi makin Mayu. A nan sai a ajiye ɗaya, ba biyu ba, kuma kemistiri ce za a ajiye, tunda a kalkulas take da ƙarfi, kuma kiredit ɗin kemistiri ne mai yiwuwa ba zai yi mata aiki a hanyar likitanci ba. A kai ta wurin likitanta kuma, kada a tsaya a kan cewa shagwaɓa ce. In rashin lafiya ce ta kama ta ranar jarrabawa, akwai ranakun zama na biyu a ƙarshen Mayu, makaranta ce ke nema wa ɗalibi.

Cikin makon nan ki nemi ganin malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantar, tare da jami'in da ke kula da jarrabawar AP, ki tafi da yarinyar. Ku tambaya ko ƙin zama na taɓa nauyin darasi a lissafin matsayi, ko yana jawo jarrabawar ƙarshen zango, ko ana buga makin a takardar sakamako, sannan ku ji matsayinta a aji yanzu. Ki kuma tambaya ko kun cancanci ragin kuɗin jarrabawa da ake yi wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi, saboda rajistar baɗi. In lokacin aikinki bai ba ki dama ba, ki tura saƙon imel, amsar da ke rubuce ma ta fi, don Alhaji ya karanta da kansa.